Yadda na zama Ƙanin Giwa

Malamin kimiyya ya raba mu rukuni-rukuni, wasu kogi, wasu daji, mu aka ba mu namun dutse. Aka naɗa ni shugaba saboda ni na sayi kwali. Hawa Dutsen Kwatarkwashi kuwa ba ya cikin lissafi, ba uban da zai bar ɗansa yawon duwatsu a wannan zamani. Sai binciken ya koma bakin kakana na Bunguɗu da wayar Dogo, ɗan rukuninmu.

Kaka ya ba mu mikiya, waɗanda a da ake hawa dutsen a kamo lokacin biki, ya ƙara da gogo da damo da agwada. Dogo kuma, kun dai san shi. Muka yi karo-karo muka sa masa data, ya cinye ta a kallon ƙwallo. Da guntun da ya rage ya samo mana abu ɗaya tak: agwada, wannan 'yar abar da ke shanya jiki bisa fa da hantsi, danginta na kusa su ne giwa da ayu, ƙatuwar dabbar nan ta ruwa. Cikinta yakan kai wata 7, haƙoranta biyu na sama kuma ba sa daina tsiro, irin na hauren giwa. Shi ya karanto, shi ya ce a sa a farko, shi ya zana hoton.

Ranar gabatarwa na ɗaga kwalin. Abin da Dogo ya zana gafiya ce, gafiyar ma mai jinya. Na gyara murya na ce, "Wannan ita ce agwada, 'yar'uwar giwa ce ta kusa."

Aji ya yi tsit. Daga bencin baya wani ya ce, "Mi kac ce?"

Na maimaita, har da ɗaga murya.

Jama'a, ban taɓa sanin dariya na da nauyi ba sai ranar. Wani ya manna damtsensa a hanci yana lilo da hannu yana kukan giwa. Wata ta tambaya, da ladabinta, ko ta wajen uwa ne dangantakar ko ta wajen uba. Na juya wurin Malam neman ceto, na tarar ya rufe fuska da rajista, kafaɗunsa na rawa. Ni ko ina tsaye, kwali a sama, hannu ya ƙi sauka, gumi na bin bayana har cikin wando.

Sai Dogo ya miƙe. Na ce alhamdulillahi, ga shaida. Ya dafa ƙirji ya ce, "Wallahi Malam, ba ni cikin wagga magana." Mutumin da ya ci datarmu! Wanda ko ranar da muka je wurin Kaka, fura kawai ya sha ya yi barci a zaure.

Da Malam ya samu numfashi ya ce gaskiya ne, haka masana suka tabbatar. Daidai nan aka kaɗa ƙararrawa, ba wanda ya ji sai ni.

Makinmu ɗaya da Dogo, wai aikin rukuni ne. Yanzu har mai awarar bakin ƙofa cewa take, "Ƙanin Giwa, ta nawa za a sa maka?" Ban san wa ya kai mata ba, amma ina da wanda nake zargi. Mako mai zuwa tsuntsaye za a yi, ya riga ya ce a rukunina yake.