Don tirela ta tsufa sai a yi mata gyaran gangar Abzinawa?

Raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba. Wasu kanikawa da zarar sun ga tsohon abin hawa sai su ɗauka mai shi ba ya buƙatar aiki na gaskiya, a lallaɓa kawai a karɓi kuɗi. Abin da wani gareji ya yi wa tirelarmu ta tafi-da-gidanka ke nan, irin wadda ake ja da mota, mai gado da wurin girki da tankin ruwa a ciki. Ta marigayi Baba ce. Na kai ta ne saboda ta karkace gefe guda, kuma duk ramin da ta faɗa sai ka ji ƙarfe na dukan ƙarfe.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ƙasan tirela ba wani abin wahala ba ne. Babu inji, babu giya, babu kwamfuta. Aksul biyu ne, wato sandunan ƙarfen da tayoyi ke jikinsu, kowanne na ɗaukar nauyin fam 3,500, wato kusan kilo 1,590. Sifirin huɗu na fallayen ƙarfe, ƙarafuna masu siffar U da ke ɗaure sifirin a jikin aksul, maratayai, da ƙarfen tsakiya mai lilo wanda ke raba nauyi tsakanin aksul na gaba da na baya. Sai bushin, wato ɗan zoben da kusa ke ratsawa, a cikin kowane idon sifirin. Shi ke nan fa. Yawancin irin waɗannan tireloli ko shokazoba ba sa zuwa da ita. Da a ce irin aksul ɗin nan ne mai igiyoyin roba a cikin bututu, wanda kamfanin Airstream ya fara sa wa tirelolinsa a 1961, da na yi musu uzuri, don shi idan robar ta mutu sai dai a sake aksul ɗin ɗungurungum. Amma sifirin? Yaron gareji ma ya san shi.

Ta shafe makonni a wurinsu. Kullum gobe, kullum kaya na hanya. Da aka ce in zo in ɗauka, na shimfiɗa kwali na shiga ƙarƙashi da tocila, abin da na gani har yanzu in na tuna sai jinina ya tafasa. Sifirin ɗaya tak suka canja. Sabo fil a hagu, a dama kuma tsohon nan da ya miƙe sumul, babu sauran lanƙwasa a jikinsa. Kowa ya san sifirin bibbiyu ake canjawa a aksul guda, in ba haka ba gefe ɗaya ya ɗaga, ɗaya ya zauna, taya ta ci gefe. Wato karkacewar da na kawo ta dominta tana nan, juya ta kawai suka yi. Ƙarafunan U ɗin kuwa tsofaffin suka mayar, tsatsa da komai, alhali zarensu na miƙewa tun ɗaurin farko, ba a sake amfani da su. Har baƙin fenti suka fesa a kai don in ɗauka sabbi ne. Fentin bai ma gama bushewa ba, ya manne mini a yatsa.

Na biya kuɗin bushin na tagulla da kusoshi masu bakin giris, na kuma faɗa da bakina, na rubuta a takardar aiki. Da na sa aka zare guda, sai ga farin bushin na roba, irin mai arhar nan da ke cinyewa da wuri ya bar kusa tana goga da ƙarfe har ramin maratayi ya zama dogo kamar ƙwai. Su kuma kusoshin, akwai ƴan haƙora a ƙarƙashin kansu da ke kama ƙarfe don kada su juya. Kan ake riƙewa a murɗa noti. Su kuwa kan kusar suka murɗa da injin iska, haƙoran suka cinye ramin. Ga kuma lotsawa a tsakiyar aksul na baya, daidai inda suka kafa jak. Bututun aksul na tirela da ɗan doro ake ƙera shi da gangan, don idan kaya suka hau tayoyi su tsaya daidai. A shasi ake kafa jak. Wannan ko a littafin kamfanin da ya ƙera aksul ɗin an rubuta.

Na kira mai garejin na nuna masa ɗaya bayan ɗaya. Ko sunkuyawa bai yi ba. Cewa ya yi, "Alhaji, ai wannan ta ci kuɗinta. Ka sayar da ita ka huta, me za ka yi da gwangwani?" Na ce, "Malam, lokacin da kake karɓar kuɗin aiki ba ka ga gwangwani ba ne?" Sai ya ce wai ai tana tafiya. To dama cewa na yi ba ta tafiya?

Gwangwani. A cikin wannan tirela muka tashi. Duk hutun makaranta Baba zai ɗaura ta a bayan mota, mu nufi bakin tafki ko gindin tsauni mu yada zango. Manya a ciki, mu yara a tanti, kuma akwai doka: kowa da aikinsa, wani ya sa wa tayoyi waigi, wani ya ɗebo ruwa, wani ya haɗa wuta, ba a zama sai tirela ta daidaita a ƙasa. A jikin ƙofar kabad ta ciki akwai zane-zanen biro inda Baba ke auna tsawonmu kowace shekara, yanzu na ƴaƴanmu sun hau kan namu. Ƴan'uwana da ba sa haɗuwa sai da dalili, wannan tafiyar ce ke tara su. Bana an tsayar da rana, an kama wurin zango, yara sun haɗa jakunkuna, ƙanwata ta ɗauki hutu a wurin aiki. Duk ya rushe saboda wani ya ga dama ya fesa fenti maimakon ya ɗaura ƙarfe.

Kuma ba maganar hutu kaɗai ba ce. Tirela ba kamar mota ba ce, babu mai zama a cikinta a kan hanya da zai ji wani abu na ƙara ya ce a tsaya. Idan sifirin ya karye ana gudu, aksul ya goce, taya ta hau jikin bodi ko ta daki ƴar'uwarta, tirela ta fara wutsil-wutsil tana jan motar da iyalina ke ciki, ga masu zuwa a baya. Wanda ya mayar da tsohon ƙarfe a nan da rayukan mutane yake wasa.

Boris ma da suka rubuta a rasit cewa sun wanke sun cika da giris, na buɗe hular hob guda, giris ɗin baƙi ƙirin, ya bushe ya yi ɓawo. Kamfanin Dexter, da ke ƙera irin waɗannan aksul, cewa ya yi a duba boris a sake giris duk wata 12 ko mil 12,000. Nawa ne giris, don Allah? Tayar safaya kuwa da suka ce sun duba tana lafiya, lambobi huɗun da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta suna nan ɓaro-ɓaro a gefe, jikinta duk ya tsattsage. Karantawa kawai ya gagare su.

Na ɗauki hoton komai, na ajiye rasit da bushin ɗin robar da aka zare a cikin leda. Na rubuta musu cewa kuɗin kayan da ba su sa ba da kuɗin aksul ɗin da suka lanƙwasa nake bi, kuma ba na son su sake taɓa ta ko da kyauta ne. A kan babbar mota aka ɗauke ta daga harabarsu, don ban yarda a ja ta a titi a haka ba, kuma kuɗin ɗaukar ma na sa shi a lissafin.