Wasan buɗe kaka da cacar ratar maki: a makon farko ba wanda ya san komai

Duk ƙarshen watan Agusta jami'o'in Amurka ke buɗe kakar ƙwallon ƙafarsu, wato irin tasu da ake runguma a ruga da ita, mai hular kwano da karon ƙirji. Wanda bai saba bibiyarta ba zai ɗauka wasan ɗalibai ne kawai, alhali filin Jami'ar Mishigan da ke Ann Arbor kaɗai yana ɗaukar mutum sama da 107,000. Ina son wasan nan ƙwarai. Abin da ke damuna shi ne yadda na fara ganin matasanmu, na can Amurka da na gida da ke da manhajojin caca a waya, suna yaɗa hasashen makon farko suna cewa wai wannan ba caca ba ce, nazari ne. Kan wannan maganar nake so mu tsaya.

Bari in fara da yadda abin yake, don wanda bai sani ba. A wannan wasa ƙarfi ba ya zuwa ɗaya. Babbar jami'a kan gayyaci ƙarama, ta biya ta kuɗi masu kauri don ta zo gidanta a buɗe kaka da ita, kuma kowa ya san wanda zai ci. Da a ce wanda zai ci kawai ake zaɓa, da gidan caca bai samu ciniki ba. Sai aka shigo da ratar maki, abin da masu caca a wajenmu ke kira handikaf. Ana danganta yaɗuwarta ga wani tsohon malamin lissafi, Charles McNeil, wanda ya koma karɓar caca a Shikago a shekarun 1940. Gidan caca zai ce, misali, babbar jami'a sai ta ci da ratar da ta wuce maki 21. In ka bi ta, ta ci da 20, ta yi nasara a fili amma kai kuɗinka sun tafi. In ka bi ƙaramar, ko ta sha kashi, muddin bai kai wannan ratar ba, ka ci. Da wannan dabara an mayar da kowane wasa, komai rashin daidaitonsa, ya zama kamar jefa kwabo sama.

Sai dai kwabon nan ba na adalci ba ne, kuma nan ne lissafin da ba a son ka yi. Farashin da aka saba shi ne ka zuba dala 110 don ka ci 100. Mutum biyu, kowa ya bi ɓangare ɗaya, sun zuba 220. Wanda ya ci an ba shi 210. Goman da ta rage ta gidan ce, ko wa ya ci. Ka yi caca sau 100, ka ci rabi ka faɗi rabi: ka samu 5,000, ka rasa 5,500. Kafin ka dawo da uwar kuɗinka kawai, sai ka riƙa dacewa a kashi 52.4 cikin ɗari, shekara da shekaru, a kan alƙaluman da mutanen da wannan ne aikinsu suka tsara da kwamfutoci. Wanda kuma ya jera wasa biyar a tikiti ɗaya, damarsa ta koma kusan ɗaya cikin 32.

To, wannan a kowane mako ke nan. Makon farko kuwa ya fi kowanne duhu, kuma dalilan a fili suke.

Ƙwararrun NFL, babbar gasar wannan ƙwallo ta Amurka, suna buga wasannin share fage kafin kaka, a ga ƙafar kowa. Jami'o'i ba sa yi. Atisayensu a rufe yake, koci yana iya ɓoye sunan wanda zai jagoranci hari har ranar wasa. Ɗalibi kuma ba ya daɗewa, shekara huɗu ko biyar ya gama, gwanaye ma sukan tafi NFL bayan uku. Sannan abubuwa sun ƙara rikicewa: a 2018 NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i, ta buɗe rajistar sauya makaranta, a 2021 aka sassauta dokar da ke sa mai sauyawa ya zauna shekara guda ba wasa, a ranar 1 ga Yulin 2021 ɗin kuma aka halatta wa 'yan wasa samun kuɗi da sunansu da hotonsu. Yanzu ƙungiya kan iya sauya 'yan wasa gommai tsakanin Janairu da Agusta. Rigar ita ce ta bara, sunan shi ne na bara, amma mutanen da ke ciki wasu ne daban. Mai cewa ya yi nazari, me ya nazarta? Sakamakon ƙungiyar da ta riga ta watse.

Ku dubi abin da ya faru ranar 2 ga Satumba, 2023. Jami'ar Kolorado ta gama kakar 2022 da nasara ɗaya tak cikin wasa 12. Abokiyar karawarta TCU, wata jami'a ta jihar Texas, kuwa ita ta buga wasan ƙarshe na ƙasa a watan Janairun 2023. Gidajen caca suka ba TCU rata ta kusan maki 21, a gidanta. Amma Deion Sanders, sabon kocin Kolorado, ya riga ya sauya mafi yawan 'yan wasan. Kolorado ta ci 45 da 42. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da ya biyo baya: duniya ta ɗauka an samu sabbin zakaru, aka yi ta tururuwa a kansu, sai ga shi sun ƙare kakar da nasara huɗu, rashin nasara takwas. Ke nan bara ba ta gaya maka gaskiyar makon farko ba, makon farko ma bai gaya maka gaskiyar kakar ba.

Shekara ta zagayo, 24 ga Agusta, 2024, aka buɗe kaka a Dublin ta ƙasar Ailan. Florida State, wadda ta ci wasa 13 a 2023, tana ta goma a jerin ƙasa, an ba ta rata ta kusan maki goma a kan Georgia Tech. Ta sha kashi 24 da 21, ta kuma ƙare shekarar da nasara biyu kacal. Duk wanda ya ga haka zai ce to, an gane ta. A ƙarshen Agustan 2025 wannan Florida State ɗin ce ta karɓi Alabama, aka ba Alabama rata ta kusan maki 14, sai Florida State ta doke ta 31 da 17. Makaranta ɗaya, wasan buɗe kaka biyu a jere, kuma duka biyun wanda ya bi abin da kowa ya sani shi ya yi asara.

Na san amsar da za a ba ni: ai kuwa ga dama nan, a riƙa bin ƙananan ƙungiyoyi. Za a ambaci Howard, jami'ar baƙaƙen fata ta Washington, wadda a 2017 aka ce UNLV, Jami'ar Nevada da ke Las Vegas, za ta doke ta da maki 45, sai ta ci 43 da 40. Za a ambaci Appalachian State da ta shiga gidan Mishigan a 2007 ta ci 34 da 32. Gaskiya ne sun faru. Amma dalilin da ya sa har yau muke tuna su shi ne ba su cika faruwa ba. Ba wanda ke ba da labarin ɗimbin Asabar ɗin da babba ta tattake ƙarama yadda aka zata. Kuma ko a irin waɗannan wasannin, abin da ke yanke hukuncin ratar sau da yawa ba ƙwarewa ba ce. Ƙungiya tana gaba da 42 da nema, koci ya cire manyan 'yan wasansa don kada su ji rauni, ya zuba yara 'yan shekarar farko. Saura minti biyu baƙi suka kai ƙwallo ƙarshen fili, aka tashi 42 da 7. Wanda ya bi rata ta 35 da rabi ya faɗi. Wane nazari ne zai gaya maka abin da ke zuciyar koci a minti biyun ƙarshe na wasan da ya riga ya ƙare?

Ga Musulmi, hukuncin caca ba ɓoyayye ba ne, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya wuri ɗaya, ta 91 kuma ta faɗi abin da take haifarwa na gaba da ƙiyayya. Ba wa'azi na zo yi ba, malamai sun fi ni. Na kawo lissafin ne saboda na lura ratar maki tana ba mutum mafakar da cacar karta ba ta bayarwa. Tana da alƙaluma da jadawali da sharhi, sai mai yi ya ji kamar ilimi yake aiki da shi, har ya raina wanda ke zaune a shagon caca na unguwa.

Gabar da ayar ta ambata kuwa, a wannan wasa ana ganinta ƙuru-ƙuru, kuma a kan yara take sauka. Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta soke, a watan Mayun 2018, dokar tarayya ta 1992 da ta hana cacar wasanni a mafi yawan jihohi, jihohi fiye da 30 suka halatta cacar wasanni, talla ta cika talabijin. Binciken da NCAA ta fitar a 2023 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na 'yan shekara 18 zuwa 22 sun taɓa yin wata cacar wasa. Ma'ana, ɗalibin da ke buga ƙwallon yana zama aji ɗaya da wanda ya sa kuɗi a kansa. Yaro ɗan shekara 19 ya ɓarar da bugun maki uku, ƙungiyarsa ta ci wasan, amma ba ta cika rata ba, ya buɗe wayarsa ya tarar da zagi da barazana daga mutanen da bai taɓa gani ba. Abin ya kai shugaban NCAA, Charlie Baker, ya fito a watan Maris na 2024 yana roƙon jihohi su hana cacar da ake yi kan abin da ɗalibi ɗaya zai yi a fili, kuma Ohio da Maryland da Louisiana suna cikin waɗanda suka hana. Ni a ganina an makara, kuma bai isa ba.

Akwai wata asarar da ba a lissafawa. Mai tikiti ba ya kallon wasa, lamba yake kallo. Ƙungiyarsa ta ci, filin ya ɗauki sowa, shi yana cizon yatsa don an rage maki ɗaya. Wasan buɗe kaka daɗinsa ke nan, ka zauna ba ka san me za ka gani ba, ka ga sabon yaro da ba wanda ya san sunansa jiya. Wannan rashin sanin da ke sa wasan armashi shi ne gidan caca ke sayar maka da riba.

Ku kuma 'yan'uwa masu raba hasashe a WhatsApp da Telegram, har da masu karɓar kuɗin shiga, roƙona ɗaya ne. Kada ku nuna mana tikitin da ya ci kaɗai. Ku fito da duk abin da kuka ba mutane daga Agustan bara zuwa Janairu, wanda ya ci da wanda ya faɗi, da farashin kowanne, mu haɗa mu ga ko kun haye 52.4 ɗin nan. Ƙannenmu da ke turo muku kuɗin makarantarsu suna da haƙƙin ganin wannan jerin kafin Asabar ta farko.