Ranar da Na Dafa Marayu

Tun farko dai laifin tire ne. Kun san Kiriya, tsohuwar da muke haya a gidanta a unguwar Kipseli ta birnin Atens, mai zama a hawa na uku. Duk shekara idan tumatir ya cika kasuwar Atens a Yuli da Agusta, sai ta sauko mana da yemista, wato gasassun tumatir da tattasai da aka cusa wa shinkafa, a cikin zagayayyen tirenta na ƙarfe, wanda suke kira tafsi. Su ma Girkawa kamar mu ne, abin kunya ne ka mayar da kwanon maƙwabci wayam. Maman yara ce ke kula da wannan, ta zuba cincin ko dubulan ta aika yaro da shi. To bana ta kwashi yaran sun tafi Kano hutu, ta bar ni da tire a kan firij, kwana tara yana harara ta.

Da na sayi kankana na ɗora a kai na miƙa, da yanzu wani zancen muke yi. Amma sai zuciya ta ce min, ai shekara huɗu kana cin abincin nan, sau biyu ka tsaya a bakin ƙofar kicin ɗinta kana kallo, dafa mata nata da hannunka ta san an yi haya da namiji. Ganin Dala dai ba shi ne shiga birni ba, amma wa zai gaya min a lokacin.

Ga wanda bai taɓa ci ba, abin a ido ba wuya. Manyan tumatir za ka samu, ka yanke kan kamar hula ka ajiye gefe, ka ƙwaƙule cikin da cokali ba tare da ka huda fatar ba, ka barbaɗa gishiri da ɗan sukari a ciki don ya karya tsami. Haka za ka yi wa koren tattasai mai ƙaton ciki, irin wanda ba shi da yaji ko na anini. Abin da ka ƙwaƙulo na tumatir ka markaɗa shi, ka haɗa da albasa gogaggiya, da na'a-na'a, da faski, da man zaitun, da shinkafa. Ka ɗura musu, ka mayar wa kowa hularsa, ka jera yankakken dankalin turawa a tsakaninsu, ka barbaɗa garin busasshen burodi, sai obin a kan digiri 180 na Salsiyas har wajen awa ɗaya da rabi. Sunan ma daga nan ya fito, yemista, wato waɗanda aka cika. Idan babu nama a ciki sai su ce musu orfana, marayu ke nan. Ni kuwa marayun zan yi, don daga 1 zuwa 14 ga Agusta Kiriya tana azuminsu na coci, ba nama, ba madara, ba cuku, sai ranar 15 a yi babban biki. Wannan kam na kiyaye shi, ko Maggi mai kaza ban jefa ba. A rubuta min wannan a wani wuri, don ba wanda ya yaba.

Kuskurena na farko shi ne kiran Badamagaren nan ya raka ni laiki, kasuwar titi ta mako-mako. Kun san shi. Shekara goma sha a ƙasar nan, Girkanci a bakinsa kamar an haife shi a Firayus, garin tashar jiragen ruwan Atens, amma bai taɓa sayen tukunya ba. Hancinsa ya san lokacin da kowane Bahaushe a Atens ke sauke girki, daga Kipseli har Omoniya. Zai ƙwanƙwasa ƙofa ya ce wucewa yake yi, ka duba ka ga cokali a aljihun rigarsa, wallahi sau ɗaya na gani da idona, ya ce wai na gyaran takalmi ne. Yuro arba'in ɗina na wajensa tun sunan ƙaramar yarinyata, kuma duk sanda na tuna masa sai ya ce tsakanin Bakano da Badamagare ba bashi, sai haraji. Wasan da ke tsakaninmu ya mayar da shi sana'a. Cajar wayata ma tana can.

Shi ne ya kalli tattasan da na zaɓa ya ce, "Bakano, wannan ai kwalliya ce. Abinci ba yaji ai sai gadon asibiti. Tsohuwar nan shekara saba'in da wani abu ba ta taɓa cin abinci ba, ka taimaka mata." Ya ja ni har shagunan 'yan Afirka da ke wajen Dandalin Amerikis muka sayo attaruhu, ja jawur, ƙulu-ƙulu, masu sheƙi. A hanya kuma dabara ta zo masa, wai tunda ana cusa wa manya shinkafa, me zai hana a cusa wa ƙanana. Su zama 'ya'yan marayu. Na yi dariya. Na yarda. Allah ya sani na yarda da bakina.

Sauran kurakuran nawa ne ni kaɗai, ba zan ɗora wa kowa ba. Kiriya da shinkafar da suke kira Karolina take yi, mai ɗan gajeren ƙwaya, wadda ke shan ruwa ta yi laushi. Ni kuwa na ga buhun doguwar shinkafarmu ta dafa-duka a ƙasan kabad na ce shinkafa ai shinkafa ce. Ita cokali ɗaya zuwa ɗaya da rabi take lissafa wa kowane tumatir, kuma ba ta cika shi baki, tana barin wuri don shinkafa za ta kumbura. Ni na ga wannan rowa ce. Na ɗura, na danna da bayan cokali, na ƙara, na danna, kamar mai cusa kaya a buhun Ghana-must-go ranar tafiya. Ruwan tumatir ɗin da ya kamata shinkafar ta sha, na raba biyu na ɓoye rabi a firij don miyar gobe. Man zaitun kuwa, irin wannan girkin sunansa ladera, 'yan mai, Kiriya tuttula shi take yi ba ta kallo. Ni da na tuna kuɗin kwalba yanzu, sai na ɗiga kamar mai sa maganin ido.

Da na buɗe obin, tumatir uku sun fashe a gefe, shinkafa ta leƙo. Hulunan duk sun karkace kamar na 'yan dambe bayan turmi na uku. Tattasan sun yi baƙi a sama. Amma 'ya'yan marayun nan guda shida, attaruhu, sun fito tsaf, jajaye, sun ɗan yamutse, kowanne da 'yar hularsa. Su kaɗai suka yi kyau a tiren. Na juya fasassun wajen bango, na jera jajayen a tsakiya, na bari ya huce, don su ba sa cin yemista da zafi, har cewa suke ta fi daɗi in ta kwana.

Ƙarfe uku da kwata muka hau. Na manta sarai cewa daga uku zuwa biyar da rabi lokacin shiru ne a Girka idan ana zafi, doka ce, kowa na barcin rana. Ta buɗe ƙofa da rigar barci da mafici a hannu. Da ta ga tafsinta cike, fuskarta ta washe, ta dafa ƙirji ta ce, "Bravo, fedi mu," wato madalla ɗana. Ta sa muka shiga, ta zaunar da mu a teburin kicin, ta ɗauko cokali mai yatsu. Ni ina tsaye hannu a baya kamar ɗalibi gaban alaramma ranar sauka. Badamagare ya riga ya ja kujera ya zauna.

Idonta ya tsallake tumatir, ya tsallake tattasai, ya sauka a kan jajayen. Ta soki ɗaya ta ɗaga sama tana juya shi a haske, tana murmushi irin na kaka ta ga jariri. Sai ta kalle ni ta ce, "Glikiya?"

Yanzu na san ma'anarta. Yanzu ko cikin barci ka tashe ni zan gaya maka: mai zaƙi ne, ba yaji? Amma a lokacin fanka na ƙara, zuciyata na dukan uku-uku, kalmar ta wuce ta saman kaina. Sai na juya wajen mai fassara, wanda don wannan aikin kaɗai na zo da shi, na ce masa da Hausa, "Mene ne?"

A Girkanci "ne" shi ne e.

Ni tambaya na yi. Ita abin da ya shiga kunnenta shi ne "ne, ne", e mana, e mana. Na ga kanta ya gyaɗa. Na ga cokalin ya tashi. Na ga bakin Badamagare ya buɗe, kuma zan tsaya gaban kowa in rantse ya fahimci abin da ke faruwa, yana da daƙiƙa biyu cur da zai ce "ohi", a'a, kalma ɗaya tak, amma ya mayar da bakin ya rufe, ya gyara zama, ya harɗe hannuwa. Ta jefa shi baki ɗungurungum, har da hula.

Tauna ɗaya. Tauna biyu. A ta uku ta tsaya. Maficin da ke hannunta ya tsaya. Ni ma numfashina ya tsaya. Ja ya faro daga wuyan rigarta yana hawa sannu a hankali, ya wuce haɓa, ya kama kunnuwa, ya shige cikin furfura. Idanunta suka cika taf, amma ba ta tofar ba. Wannan shi ne abin da har yau ke hana ni barci. Tsohuwa mai tarbiyya, ba za ta tofar da abincin baƙo a gabansa ba. Ta haɗiye. Na ga wucewarsa a maƙogwaronta. Sannan ta yi alamar gicciye sau uku da sauri ta ce, "Fanayiya mu," wato tana kiran Nana Maryamu, da wata murya siririya da ban san tana da ita ba.

Na ruga famfo na ciko kofi. Ta shanye, abin ya ƙaru, kamar yadda kowa ya sani ban da ni a ranar. Na buɗe firjinta ba izini, na hango yogot ɗin jikanta, na miƙa mata ina cewa da Hausa sha, sha, zai kwanta. Sai ta ɗaga haɓa sama, ta ɗaga gira, ta yi min tsaki. Na san cewa haka Girkawa ke cewa a'a, shekara huɗu ina gani a kanti da cikin bas, ba zagi ba ne, azumi take yi. Amma Bahaushe in an yi masa tsaki an yi masa tsaki. Na tsaya da robar yogot a hannu, jikina ya yi sanyi, ina jin kamar ni ne aka ƙwaƙule wa ciki da cokali. Burodi ta yaga ta cusa, ta ƙara, ta ƙara, tana huci tana fifita harshe. Tarin da ta yi ya tayar da tsohon hawa na huɗu, ya fara buga ƙasa da sandarsa, dum, dum, dum, saboda lokacin shiru.

Duk wannan Badamagare na zaune. Da na waiwaya, dankalin da ke gefensa na tiren babu shi.

Ni na ɗauka an gama. Ashe da saura. Hawaye na zuba, hanci na zuba, Kiriya ta jawo tiren gabanta, don ita ba ta barin aiki rabi. Ta ɗage hular tumatir ɗaya, ta ɗebo shinkafa a bakin cokali, ta sa a haƙori. Ƙarau. Daga inda nake tsaye na ji. Ta fito da ƙwayar ta ajiye a tafin hannu, ta nuna min, ta yi wata doguwar magana a hankali, tana nuna tiren, tana nuna kwalbar manta, tana nuna ni. Na ce masa, "Me ta ce?" Wannan karon na kiyaye ban sa "ne" ba. Ya goge baki ya ce, "Ta ce shinkafar nan in ka kai ta Kura ka shuka za ta tsiro." Na ce ina Kiriya ta san Kura? Ya ce shi ma'ana yake fassarawa, ba kalmomi ba. Har yau ban san me ta ce ba. Kalma ɗaya na kama, orfana, ta faɗe ta sau biyu tana girgiza kai, tana kallon tumatir ɗin da tausayi.

Da za mu fito ta dafa kafaɗata ta sake cewa "fedi mu", muryar a dishe. Tiren kuma ta tura min shi da abin da ke ciki. Wato na sauko da shi kamar yadda na hau da shi, sai dai babu dankali, babu ɗan maraya ɗaya.

Sauran biyar ɗin Badamagare ya cinye a tsaye a kicin ɗina, ya ce su kaɗai ne abinci a tiren, kuma ai shawararsa ce. Da dare maman yara ta kira ta bidiyo, kafin in buɗe baki ta ce, "Glikiya?" ta fashe da dariya har wayar ta faɗi. Ya riga ya tura mata saƙon murya na minti bakwai. Yayarta ma ta ji, ƙanina na Sabon Gari ma ya ji.

Tumatir ɗin na juye a tukunya washegari, na ƙara ruwan nan da na ɓoye, ya zama wani abu tsakanin dafa-duka da fate. Na ci kwana uku. Tire na wanke shi, yana nan kan firij. Jiya na ga kankana a laiki, amma mai sayarwar abokin Badamagare ne, kuma tun daga nesa na ga yana murmushi, sai na tsallaka titi.