Wai "ɗan ƙirga ne kawai"

To, mun ji. Wai Edward Denison, masanin tattalin arzikin nan ɗan Amurka, ɗan ƙirga ne kawai. Wanda ya faɗa daren jiya a teburin mai shayi ya san kansa, ba sai na kama suna ba. Cewa ya yi mutumin ya shiga ma'aikatar kasuwanci ta Amurka tun 1941, ya tsufa yana ƙirga gumin wasu, ko kamfanin ashana bai taɓa kafawa ba. Sannu Malam Masani! Kai da in aka tambaye ka kuɗin cefanen gidanka na watan jiya sai ka hau sosa ƙeya.

Me ɗan ƙirgan ya ƙirga? Tambaya ɗaya ya riƙe har furfura: me ya sa abin da ma'aikacin yau yake fitarwa a awa ɗaya ya fi na kakansa? Manoma biyu, gonakinsu kai ɗaya, damina ɗaya, wannan ya kwashe buhu goma, wancan ashirin da biyar. Taki ne, iri ne, ko abin da ke cikin kan manomin? Irin wannan tambayar ya yi wa ƙasa sukutum.

A 1957 wani masanin tattalin arziki, Robert Solow, ya nuna cewa tara injuna da jari bai isa ya bayyana yawancin wannan ƙarin ba, akwai wani ƙaton kaso da ba a san ubansa ba. Denison ne ya zauna ya yi ta tsinkar kason nan kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa: nawa ne na ilimi, nawa na girman kasuwa, nawa na mutanen da suka bar ƙananan gonaki suka koma aikin da ya fi auki. A 1962 ya fito da sakamako: kusan kashi 23 cikin ɗari na bunƙasar arzikin Amurka tsakanin 1929 da 1957 daga ƙarin karatun ma'aikata ya fito. Makaranta fa! Abin da ake fara yanka a kasafi idan aljihu ya yi sanyi. A 1967 kuma ya jera Amurka da ƙasashen Turai takwas ya auna su da kwano ɗaya.

Za ku ce ai lissafi ba a cinsa. Gaskiya ne. Tiya ma ba a cinta, amma je ka sayi gero babu ita mu gani. Za ku ce ai wannan can Amurka ne, ina ruwanmu. Ruwanmu shi ne 2014, lokacin da hukumar ƙididdiga ta Najeriya ta sabunta ma'auni daga farashin 1990 zuwa na 2010, aka wayi gari arzikin ƙasa a takarda ya haura dala biliyan 500, muka wuce Afirka ta Kudu. Ko kwabo bai ƙaru a aljihun kowa ba. Shekara da shekaru ana tsara ƙasa da tsohon kwano, shi ke nan. Wanda bai auna ba lalube yake yi, na faɗa, zan kuma sake faɗa. Ƙasar da aukin aikinta, wato abin da ma'aikaci ke fitarwa a awa ɗaya, ke ƙaruwa da kashi 1 a shekara sai ta yi kusan shekara 70 kafin ya ninka. Mai kashi 3, shekara 24 sun ishe ta. Ɗaya jika ne zai gani, ɗaya kai da kanka.

Amma wallahi ba alƙaluman ne suka sa nake ganin girman dattijon nan ba. Bayan 1973 aukin aiki a Amurka ya ja birki. Denison ya bi dalilan da ake ta kawowa ɗaya bayan ɗaya, tsadar mai, dokokin gwamnati da sauransu, ya tarar ba su cike giɓin ba, sai ya fito fili ya ce abin ya shige masa duhu. Mutumin da duniya ta sallama masa a fannin. Ya ma koma bakin aikin gwamnati a 1979 yana da shekara sittin da 'yan kai. Kai kuwa Malam Masani, tun da na san ka ban taɓa jin "ban sani ba" a bakinka ba, daga yaƙin Yukren har ciwon suga.

Tun da an taɓo zancen tiya: mai awon da nake saye wurinsa, shekaranjiya na juya kwanonsa na ga gindin ya lotsa ciki, an bubbuga shi da guduma. Da na nuna masa sai ya yi dariya ya ce faɗuwa ya yi. Daga yau da kwanona zan riƙa zuwa kasuwa.