Nawa aka turo wa ƙaramar hukumarku a watan jiya?

Shekaranjiya da daddare na jefa wannan tambayar a teburin mai shayi, mu wajen goma sha biyu a kan benci. Tsit kake ji. Can wani ya kawo zancen shinkafar azumi, sai wuri ya kaure da musu. Wannan ya ce buhu kaza aka kawo mazaɓarmu, wancan ya rantse shi ya ga tirelar da idonsa, har ya san gidan da aka sauke rabi da tsakar dare. Lissafin buhu kam ba wanda ya fi mu iyawa.

Abin da ya sa tambayar ke cina shi ne abin da ya faru da ƙanwata makonni uku da suka wuce. Naƙuda ta kama ta bayan isha'i a ƙauyen da take aure, aka kai ta ɗan asibitin garin. Gini ne mai sabon fenti, da ƙaton allo a bakin ƙofa ɗauke da sunan wanda ya gyara shi. A ciki ma'aikaciya ɗaya ce tal, baiwar Allah, tana haska aikinta da fitilar waya da ta saƙale a ɗankwali. Babu safar hannu, babu ruwan da za a ƙara mata. Takarda ta rubuta, mijin ya hau mashin ya bi hanyar da ko da la'asar mutane ke shakkar bi, don ya sayo kayan da ba su kai kuɗin buhun shinkafa ɗaya ba. Allah ya sauke ta lafiya, shi ma ya dawo lafiya. Amma da 'yan bindiga sun tare shi, yau da zancen kuɗin fansa muke yi, muna neman mai sayen gona.

Tun 1996 Abacha ya cire mu daga Sakkwato ya ba mu jihar Zamfara. Ƙananan hukumomi 14 gare mu, kuma babu watan da Abuja ba ta raba kaso da sunan kowace. Daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, kason ya ƙaru sosai, kuma mu muka biya wannan ƙarin a kuɗin mota da kwanon masara. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai-tsaye. Ni dai har yau ban ji ciyaman ya tara mutanensa ya ce ga abin da ya shigo hannuna, ga albashi, ga abin da ya rage ba. Alƙaluman rabon nan ba sirri ba ne, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana sa su a intanet. Datar da muke ƙonawa wajen zagin juna a Facebook ta isa a duba su sau goma.

Kafin sojojin baka su sauko mini, bari in faɗi abin da na gani. Wanda ya shiga Gusau yanzu ya san an yi tituna. An ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2023, an kafa Askarawa, wato dakarun tsaron al'umma na jiha, a farkon 2024. Ban musa ba. Filin jirgin sama ma ba na ƙinsa, mahajjatanmu sun gaji da zuwa wata jiha su tashi. Sai dai gwamnati biyu a jere kowace ta sa filin jirgi a gaba, alhali mutumin Ɗansadau sai ya jira rakiyar jami'an tsaro kafin ya kawo hatsinsa Gusau. Wani dattijo daga can ya taɓa ce mini, "Ɗana, wanga jirgi da kuka zance, shina ɗaukar gero?" Dariya aka yi a wurin, shi ko ko murmushi bai yi ba.

Zancen tsaro shi ya fi ɗaure mini kai. A Satumban 2021, da sunan yaƙar 'yan bindiga, aka katse layukan waya, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka. Talaka ya bi, ya sha wahala bai ce uffan ba. Da aka buɗe, ba wanda ya fito ya yi mana bayanin abin da aka samu da abin da aka kashe. Kowace gwamnati ta zo sai ta sayi motoci, a jera su a ɗauki hoto. Ina na gwamnatin baya? Guda nawa ke tafiya? Da ka tambaya sai a ce maganar tsaro ba a yinta a fili. To manomin da ke biyan harajin noma ga ɗan bindiga kafin ya taɓa gonar ubansa, shi a fili yake biya, kowa a garin ya san nawa aka yanka musu.

Mu ma da namu laifin, kuma babba ne. Je ka ƙofar gidan kowane ciyaman da safe ka ga layi. Mai neman ragon suna, mai neman kujerar Makka, mai takardar magani, mai son a sa ɗansa a jerin masu karɓar alawus ba aiki. Wanda ya karɓi dubu biyar a ambulan jiya, da wane baki zai tambayi kuɗin rijiyar burtsatse yau? Su ma sun gane haka, shi ya sa rabon ya fi musu sauƙi a kan aikin. Ni kaina na taɓa tsayawa a irin wannan layin lokacin da mahaifiyarmu ke kwance, ba zan yi ƙarya ba. An ba ni, na yi godiya har da durƙusawa, na fito ina jin kamar daga aljihunsa ya ciro.

Jiya da safe na sa wani ɗalibina ya binciko mini kason ƙaramar hukumarmu na ƙarshe da aka wallafa. Na rubuta a takarda, na nufi gidan kansilanmu, wanda tare muka yi makarantar allo. Na tarar yana alwala, na jira ya idar, muka gaisa, na miƙa masa. Ya duba ya sake dubawa, ya ƙirga sifilin da yatsa. Sannan ya ɗago ya ce, "Malam, don Allah bar mini takardar nan. Wallahi ni ma yau na fara gani."