Haraji yana bin dattijo har gida, ƙarin fansho kuma yana tsayawa a Landan

Duk wani namu da ya shekara talatin yana aiki a Ingila, likita ne, nas ce, direban bas ne ko malamin jami'a, in ka zauna da shi hira ta yi nisa za ka ji burin ɗaya ne: ya ajiye aiki, ya tattara nasa ya nasa, ya koma gida. Ga gida an gina a Kano ko Kaduna ko Zariya, masallaci a bakin layi, jikoki suna shiga suna fita. Ina tare da wannan buri ɗari bisa ɗari. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne iyayenmu da dama suna yanke shawarar ne a kan zato guda biyu, kuma duka biyun ba haka suke ba.

Zato na farko, tunda na bar musu ƙasarsu, harajinsu ya bar ni. Ina! Tsakanin Najeriya da Birtaniya akwai yarjejeniyar hana karɓar haraji sau biyu a kan kuɗi ɗaya, wadda aka sa wa hannu a 1987. A babin fansho, ƙasar da kuɗin ya fito daga cikinta aka bar wa haƙƙin karɓa. Wato fanshon da aka tara a Manchester, a can za a yanke masa haraji, ko da mai shi yana zaune a Tudun Wada. Hukumar harajinsu, HMRC, tana bar wa mutum fam 12,570 a shekara ba ta taɓawa, abin da ya haura ta ɗauki kashi 20 cikin 100, in ya wuce fam 50,270 ta koma kashi 40. Wannan rangwame na 12,570 tun 2021 yake tsaye wuri ɗaya. Kuma wanda ya bar ƙasar, sau da yawa sai ya cika fom mai suna R43 kafin ya karɓo abin da aka yanke masa ba bisa ƙa'ida ba. In bai nema ba, ba mai bin sa da shi.

Bari mu sa lamba a gani. A ce wata Hajiya ta yi aikin jinya, tana da cikakken fanshon gwamnati na shekarar 2025, fam 230.25 a mako, wato fam 11,973 a shekara. A ce kuma tana da fanshon wurin aiki na fam 8,000. Jimilla 19,973. Cire 12,570, saura 7,403, harajinsa wajen fam 1,480. Fanshon gwamnatin ana turo shi cif, ba a cire ko kwabo, sai ta ɗauka ba shi da haraji. Yana da shi. A jikin ɗayan fanshon ake fanshewa, shi ya sa za ta buɗe takardar biyan wata ta ga wasu lambobi da harafi a saman shafi, a ƙasa kuma kuɗin ya ragu fiye da yadda ta lissafa.

Ni wannan ban kira shi zalunci ba. Ka ci moriyar ƙasa, ka biya haƙƙinta, babu laifi. Inda zuciyata ke tafasa shi ne zato na biyu, cewa fanshon gwamnati zai ci gaba da ƙaruwa duk shekara kamar na kowa.

A Birtaniya kowane watan Afrilu ana ƙara fanshon gwamnati. Ana duba abu uku, tashin farashin kaya, ƙaruwar albashi, da kashi 2.5, a ɗauki wanda ya fi yawa. A 2023 an ƙara kashi 10.1, a 2024 kashi 8.5, a 2025 kashi 4.1. Wanda ya koma Faransa ko Sifen yana samun wannan ƙari. Wanda ya koma Amurka, Jamaika, Filifin ko Turkiyya yana samu. Wanda ya koma Najeriya ko Gana, ko Indiya, Pakistan, Afirka ta Kudu, Kanada da Ostareliya, ba ya samu. Abin da ake ba shi ranar da ya tashi, shi za a yi ta ba shi har Allah Ya karɓi abinsa. Dattijon da ya dawo gida a 2022 da fam 185.15 a mako, a nan ya tsaya. Abokin aikinsa da ya yi zamansa a Birmingham ya kai 230.25 a 2025. Bambancin ya haura fam 2,300 a shekara, cikin shekara uku kacal. To wanda Allah Ya ba tsawon rai ya yi shekara ashirin a gida fa?

Mutanen nan biyu kuɗin inshorar ƙasa iri ɗaya aka cire musu a albashi. Shekara 35 ake nema kafin a samu cikakken fansho, dukansu sun cika. Wanda ya dawo gida ma ya sauke wa Birtaniya nauyi, ba ya kwana a asibitinta, ba ya hawa bas ɗinta kyauta, ba ya neman gidan kula da tsofaffi. Amma shi aka zaɓa a rage wa. In maganar haraji ce, ƙasar ta san adireshinsa sarai. In maganar ƙari ce, sai a ce ai babu yarjejeniya da ƙasarku. Hannun karɓa ya kai Kano, hannun bayarwa ya tsaya a filin jirgi.

An kai ƙara, ba a dace ba. Annette Carson, wata Baturiya da ta koma Afirka ta Kudu, ta yi shari'a har kotun ƙolin Birtaniya ta lokacin a 2005, ta wuce Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai, a 2010 aka yanke cewa gwamnati ba ta karya doka ba. Anne Puckridge, wadda ta yi wa Birtaniya aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu, ta koma Kanada a 2001 don ta zauna kusa da 'yarta, fanshonta ya daskare a fam 72.50 a mako. Mutum sama da dubu 400 ne ke cikin wannan hali a duniya. Tunda kotu ta rufe ƙofa, saura ta siyasa.

Na san abin da wasu za su ce, ai fam ne, ko nawa ne in an canza shi ya isa. Gaskiya ne kafin a saki naira a watan Yuni 2023 fam ɗaya bai kai naira 600 ba a farashin gwamnati, a 2024 kuma ya haura 2,000. Amma a ƙarshen 2024 ɗin tashin farashin kaya a Najeriya ya wuce kashi 34. Dizal, maganin hawan jini da na suga, kuɗin makarantar marayun dangi, duk sun bi sahu. Kuma dattijon da ya dawo daga Turai ba shi kaɗai yake cin fanshonsa ba, kowa ya sani. Bai kamata tsufan mutum ya dogara ga faɗuwar kuɗin ƙasarsa ba.

Na Amurka nasu ya fi tsauri ta wani gefen. Amurka tana bin ɗan ƙasarta da haraji duk inda yake a duniya, kuma ba ta da irin waccan yarjejeniya da Najeriya. Mai fasfonta da ke zaune a Abuja wajibi ne ya ci gaba da shigar da bayanan harajinsa in kuɗin shigarsa ya kai mizani, in kuma abin da ke asusunsa na waje ya haura dala 10,000 sai ya sanar. Wanda ba ɗan ƙasa ba kuma ya daina zama a can, ana cire masa kashi 25.5 daga fanshon gwamnati tun kafin ya iso hannunsa, kuma in ya yi wata shida a jere a waje ana iya tsayar da biyan, sai in ya faɗa cikin waɗanda doka ta keɓe. 'Yan uwanmu na Nijar da suka yi aiki a Faransa su ma su farga, don a Disamba 2023 gwamnatin Nijar da ta Mali sun sanar da soke yarjejeniyar harajinsu da Faransa.

Wani abin kuma da ke kama mutanenmu shi ne ƙafa ɗaya can ƙafa ɗaya nan. Rani a Landan, hunturu a gida. Tun 2013 Birtaniya ƙirga kwanaki take yi: ka yi 183 a shekara kai mazauni ne, ba gardama, kuma ko ba ka kai ba, in kana da gida ko iyali a can, kwanaki ƙasa da haka za su iya mayar da kai cikin lissafi. Ta ɗaya gefen, mai takardar zama ta dindindin da bai karɓi fasfo ba, in ya shekara biyu a waje takardar ta mutu. Asibitin gwamnati kyauta ma na mazauna ne, riƙe fasfo kaɗai ba ya ba da shi.

Ku 'ya'ya, ku ne nake roƙo. Mu Hausawa muna jin nauyin tambayar uba nawa yake samu, kuma kunya ce mai kyau, amma a nan tana cutarwa. Kafin a sayi tikiti, ku zauna da Baba da Mama, ku fito da takardun nan masu launin ƙasa da aka cusa a durowa. Ku sanar da HMRC tashin da fom P85. Ku canza adireshi a ofishin fansho, domin lokaci zuwa lokaci suna aiko da takardar shaidar cewa mutum yana raye, in ta faɗa a tsohon gida ba a mayar ba sai a tsayar da kuɗin. Ku biya masanin haraji da ya san dokar ƙasashen biyu, ya rubuta muku a takarda. Kuma Mama ta san sunan kowane fansho da lambarsa, kada a bar ta tana neman takardu cikin takaba.

Sai gwamnatinmu. Kanada da Ostareliya sun daɗe suna matsa wa Birtaniya lamba a kan fanshon da aka daskarar. Najeriya tana karɓar kusan dala biliyan 20 a shekara daga 'ya'yanta na waje, tana da hukuma sukutum ta kula da su, NiDCOM, kullum kuma ana kiran su su dawo su zuba jari. To wannan batu ya cancanci a sa shi a teburi duk lokacin da aka zauna da Birtaniya a kan ciniki ko biza. Ƙungiyoyinmu na Landan, Manchester da Birmingham suna da masu jefa ƙuri'a a cikinsu, kuma kowace mazaɓa tana da ɗan majalisa mai amsa wasiƙa. Likitocinmu da nas-nas da ke can yanzu, masu shekara arba'in da hamsin, su ne layi na gaba, su ya kamata su fara rubutawa.