Babu likitan da ya ce a sa wa mai ciwon damuwa zaƙami a shayi

Assalamu alaikum ƙannena, samari da ƴan mata.

Tun da aka fara tura bidiyon nan a rukunonin WhatsApp, mai cewa wai likitocin Turai sun gano kayan maye na warkar da ciwon damuwa, kowace fada ta samari masu shayi a garin nan ta naɗa likitanta. Daga unguwar Zariya har Ali Ɗan Sofo a nan Maraɗi zancen ɗaya ne. Yaro ya kalli bidiyon minti ɗaya, ya kife waya, ya dubi abokinsa da ya yi wata biyu ba barci ba cin kirki, ya ce masa: "Mutumina, ka ɗan ja wiwi mana, ko a jefa maka zaƙami a shayi, ai yanzu kimiyya ma ta yarda." Wannan rubuta wa ɗan uwa magani a gindin butar shayi shi ya hana ni yin shiru. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma abin takaicin, a wuyan wani ake ɗaura shi.

Ba zan ce muku labarin ƙarya ne gaba ɗaya ba, don da tushensa. Akwai rukunin magunguna da ake kira sikedelik, masu jirkita gani da ji da tunanin mutum na wasu awoyi. Fitattu a cikinsu su ne LSD, wanda Albert Hofmann ya haɗa a Suwizalan a 1938, da silosibin, wanda ake samu a wasu nau'o'in laimar kwaɗi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa su a sahun da ya fi kowane tsananin hani. Daga baya jami'o'i irin su Johns Hopkins a Amurka da Imperial College a Landan suka koma gwada silosibin a kan masu ciwon damuwa. Ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen ya fito a 2022, an yi shi da mutum 233 waɗanda magungunan asibiti aƙalla iri biyu suka kāsa. Aka raba su uku, wasu miligiram 25, wasu 10, wasu 1, sau ɗaya tak. Bayan sati uku, kashi 29 cikin ɗari na masu miligiram 25 ciwon ya lafa musu, a masu miligiram 1 kuwa kashi 8 ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ya sha magani shekara da shekaru bai ga haske ba.

Amma ga sauran labarin da mai bidiyo ya yanke. Ko a cikin masu miligiram 25 ɗin, bakwai cikin goma ciwon bai sake su ba. Zuwa sati na 12, kusan ɗaya cikin biyar ne kaɗai sauƙin ya zauna masa. Kashi 77 cikin ɗari na duk waɗanda aka gwada sun yi fama da wata illa, ciwon kai, tashin zuciya, jiri. A duk rukunonin uku kuma an samu waɗanda tunanin kashe kai ya taso musu, ko suka ji wa kansu rauni. A 2021 masu bincike a Landan sun gwada silosibin da esitalofiram, ƙwayar damuwa ta yau da kullum, a kan mutum 59 tsawon sati shida, kuma a babban ma'aunin da suka sa gaba ba a ga bambancin da za a kafa hujja da shi ba. Ga kuma wata matsala da masanan da kansu ke kokawa da ita. Gwajin magani na gaskiya yana buƙatar mara lafiya kada ya san ko na ainihi aka ba shi ko holoƙo, to wanda bango ya fara motsi a idonsa ai ya san abin da ya sha, sai fatan warkewa ya cakuɗe da aikin maganin. Wannan na cikin dalilan da suka sa hukumar magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da wani maganin maye mai suna MDMA a watan Agusta na 2024, wanda shi ma ba don damuwa aka nema ba, don ciwon firgici ne na bayan bala'i. Ostireliya ta buɗe wa silosibin ƙofa a watan Yuli na 2023, amma ga likitocin ƙwaƙwalwa masu izini na musamman kawai, kuma ga wanda sauran magunguna suka gaza masa.

To, likitan fada, wanne daga cikin wannan ka karanta kafin ka miƙa wa ɗan mutane kofi?

Ku dubi yadda ake yin abin a can. Kafin a taɓa ba mutum komai sai an tantance shi. In ya taɓa samun taɓin hankali, ko uwarsa ko ubansa ko ɗan uwansa na jini ya taɓa, a waje yake, don maganin na iya tayar da abin da ke kwance, ya tashi bai koma ba. In yana da ciwon nan da mutum kan yi makonni cikin baƙin ciki sannan ya juye ya yi kwanaki ba barci, surutu da ɓarnar kuɗi da jin ya fi kowa, shi ma a waje yake. Mai hawan jinin da ba a shawo kansa ba da mai ciwon zuciya haka, domin silosibin na ɗaga jini da bugun zuciya. Mai shan litiyam, wani maganin ciwon ƙwaƙwalwa, ba a ko fara zancen, haɗin na iya kawo farfaɗiya. Wanda ya tsallake wannan sai ya yi zama da ƙwararru, su saba, su faɗa masa abin da zai gani. Ranar sha kuma maganin na masana'anta ne, a aune, ba tsintar daji ba. Ɗaki a keɓe, mutum a kwance, ƙwararru a gefensa awa shida zuwa takwas, ana auna jini, likita na kusa. Tsoro kan kama wasu har su ji mutuwa za su yi, masu tsaron nan su ke riƙe su. Washegari da makonnin da ke biye a dawo a zauna a tattauna. Masanan har yau suna gardamar ko maganin ne ke aikin ko wannan kulawar, ko duka biyun. Kai kuwa ka ɗauke tantancewa, ka ɗauke awo, ka ɗauke masu tsaro, ka bar buguwa tsura, ka ce magani ne.

Kuma ko buguwar ba irinta ba ce. Kama da wane ba ta wane. Zaƙami ba ɗan gidan su silosibin ba ne ko kaɗan. Abin da ke cikinsa, atirofin da sikofolamin, hauka ne na wucin gadi suke sawa, wanda mutum ba ya sanin yana cikinsa, ba ya kuma tuna abin da ya yi. Baki ya bushe, ƙwayar ido ta buɗe, gani ya dushe har na kwanaki, zuciya ta yi gudu, fitsari ya ƙi fita, mutum ya dinga kama abin da babu a iska yana magana da waɗanda ba sa nan. Mafi muni gare mu, yana hana gumi. Ku tuna bazarar Maraɗi, zafi ya haura maki 40, jiki ba ya iya fitar da zufa, sai ya dafu daga ciki. Ƙarfin dafin kuma ya bambanta daga wannan tsiro zuwa wancan, har daga wannan ƙwara zuwa waccan, don haka "ɗan kaɗan" ɗin da kuke faɗi ba shi da ma'auni. Abin da ya bar wani jiya shi zai kai wani kushewa yau. Ba banza kakanninmu suka sa masa suna haukata-yaro ba. In tsautsayi ya riga ya afku, kada a ɗaure shi, kada a doke shi, kada a yi masa ɗurar nono ko manja, yana iya shaƙewa. A kai shi inuwa, a yayyafa masa ruwa, a wuce asibiti da ragowar abin da ya sha.

Masu cewa za su nemo laimar kwaɗi a kan juji da damina kuma, Allah ya shirye ku. Wasu nau'o'inta hanta suke kashewa, kuma mugun halinsu shi ne alamar ba ta fitowa sai bayan awa shida zuwa ashirin da huɗu, a yi amai da zawo, a ji kamar an warke, bayan kwana biyu ko uku ido ya yi rawaya. A lokacin hanta ta riga ta taɓu.

Wiwi fa? Tana ɗan ɗauke tunani na awa biyu, ta mayar da mutum inda ta same shi, ta ƙara masa mutuwar zuciya. Mai jan mai ƙarfi kullum, musamman wanda ya fara da ƙuruciya, haɗarin taɓin hankali ya fi yawa a kansa. Tramol kuwa, wanda ƴan kabu-kabu da masu dako suka mayar abin karin kumallo, na asibiti miligiram 50 ne ƙwaya, kuma likita ba ya wuce 400 a yini ko ga mai ciwo mai tsanani. Na kan faranti da ke shan rana a tasha 200 ne, 225, 250. Biyu kawai an kai iyaka ko an ƙetare ta, sai farfaɗiya a kan babur. In aka ba wanda ke shan ƙwayar damuwa ta asibiti tramol, sinadarin sirotonin na iya taruwa ya yi yawa, a ga karkarwa, gumi, zazzaɓi, ruɗewa. Ana kukan targaɗe ka kawo karaya, sannan ka ce taimako ka yi.  

Wani zai ce to ketamin fa, ai ana ba da shi. Gaskiya ne, shi ne maganin da ake sumar da mutum da shi a ɗakin tiyata, kuma a 2019 Amurka ta amince da wani ɗan uwansa na fesawa a hanci, Spravato, don damuwar da ta gagari magani. Amma a asibiti ake fesawa, a auna jini kafin da bayan, a tsare mutum awa biyu, kuma ba ya tuƙi sai washegari. Masu shan ketamin don nishaɗi mafitsara yake lalata musu, su koma fitsari kowane ɗan lokaci da raɗaɗi da jini.

Abokin nan naku ciwo gare shi na gaske. In mutum ya yi sati biyu ko fiye kullum zuciya a cunkushe, abin da yake so dā ya fita ransa, barci ya ɓaci, ci ya ragu, gajiya ba dalili, yana ganin kansa ba shi da amfani, wannan ba lalaci ba ne, ba kuma raunin imani ba. A yi addu'a, a kuma kai shi asibiti, ɗayan ba ya kore ɗayan. Akwai magunguna sanannu masu araha kamar fuluwoksetin da amitiriptilin. Ba sa aiki a kwana ɗaya, sai an yi sati biyu zuwa huɗu, wani har shida, kuma a nan mutanenmu ke yar da su, su ce ba su ji komai ba. Bayan an warke ma ana ci gaba wata tara zuwa shekara, a janye a hankali. Amitiriptilin na da haɗari ga zuciya in aka sha da yawa, don haka wani babba a gida ya riƙe kwalin. In kuwa ya fara cewa gara ya mutu, kada a yi dariya, kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe fiya-fiya da maganin feshin gona daga inda hannunsa zai kai, a tafi asibiti ranar.

Ku abin da ke hannunku shi ne zama da shi, raka shi, jan shi masallaci da filin ƙwallo, ba rubuta magani ba.

Dā a garin nan yaro bai isa ya kunna ko taba sigari a layi ba, don kowane dattijo ubansa ne, in ya tsawata maka ka kai ƙara gida a ƙara maka. Magani kuma ko na gargajiya ne sai wanda ya gāda ya san awonsa, ya san wanda ba a ba. Yau maƙwabci na ganin ɗan maƙwabcinsa yana layi da rana tsaka, sai ya kau da kai, don in ya yi magana uwar ce za ta fito da zane a ɗamare. Iyaye kuma suna ganin ɗansu ya shige ɗaki wata uku, sun fi tsoron a ce an gan su a sashen masu taɓin hankali da su rasa shi, wai kada a ƙi auren ƙannensa. Da manya suka yi shiru, sai fada ta gaji aikin. Shi ya sa yaron da bai gama sakandare ba yake yanke wa ƙwaƙwalwar ɗan mutane hukunci, ranar da abu ya lalace kuma shi ne na farkon kashe waya, a bar uwar yaron da sintiri tsakanin asibiti da gidan mai ruƙiyya.